Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Lissafin Wata Yake Tafiya da Lissafin Rana

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun da suka shigo wannan fili a 'yan makonnin nan da yawansu sun taru a kan batu ɗaya, wato dangantakar kalandar Musulunci da kalandar Miladiyya. Na zaɓi shida daga cikinsu, na taƙaita tambayoyin ba tare da na taɓa ma'anarsu ba, kuma ina fatan sauran waɗanda suka rubuto za su sami amsarsu a ciki.

Tambaya: Malam, me ya sa azumi yake matsowa gaba kowace shekara? Na tashi na tarar ana yin sa cikin tsananin zafi, yanzu kuma ga shi yana tunkarar lokacin sanyi. Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka lura da shi gaskiya ne, kuma dalilinsa yana cikin tsawon shekarun biyu. Daga tsayuwar wata zuwa tsayuwar na bayansa, idan aka ɗauki matsakaici, kwana 29 ne da awa 12 da minti 44 da kimanin daƙiƙa 3. Shi wata yana gama kewaya duniya a cikin kwana 27 da 'yan awoyi, amma kafin ya gama, ita ma duniya ta yi gaba a kan hanyarta ta kewaya rana, don haka sai ya ƙara tafiyar kwana biyu da wani abu kafin ya sake daidaitawa tsakaninta da rana. Tun da ba a ƙirga rabin yini a kalanda, sai wata ya riƙa zuwa da kwana 29 ko 30. Idan ka tara wata goma sha biyu za ka sami kwana 354 da awa 8 da minti 48. Shekarar rana kuwa, wadda damina da rani da bazara suke bi, kwana 365 ce da awa 5 da kusan minti 49. Ratar da ke tsakani ita ce kwana 10 da awa 21, wadda mutane suke cikewa su ce kwana goma sha ɗaya.

Dubi yadda abin ya kasance a Saudiyya a 'yan shekarun nan. An ɗauki azumi ranar 2 ga Afrilu a 2022, sai 23 ga Maris a 2023, sai 11 ga Maris a 2024, sannan 1 ga Maris a 2025. Ka ga wata shekara ya matso da kwana 10, wata kuma da 12, domin wani lokaci shekarar wata takan zo da kwana 355, ita kuma Fabrairun 2024 ta zo da kwana 29.

Idan wannan rata ta yi ta taruwa, bayan shekara 32 zuwa 33 na rana sai ta cika shekara guda cur, Ramadan ya dawo kusa da inda ya faro. Shi ya sa wanda Allah ya ba tsawon rai har ya kai shekara saba'in yakan ga azumi ya zagaya dukkan yanayi sau biyu. Daga nan ne kuma ake samun abin da yakan ba mutane mamaki, wato azumi ya faɗo sau biyu a cikin shekarar Miladiyya ɗaya. An yi haka a 1965, an sake yi a 1997, kuma bisa lissafi za a sake gani a 2030, inda za a ɗauki azumin 1451 a farkon Janairu, sannan a ɗauki na 1452 a ƙarshen Disamba. Ƙaramar Salla ta zo sau biyu a 2000, Babbar Salla kuma sau biyu a 2006. A lissafin Hijiriyya babu abin da ya maimaitu, domin kowace shekara da Ramadan ɗinta guda ɗaya. Shekarar Miladiyya ce ta fi faɗi, har ta iya ɗauke farkon Ramadan biyu.

Tambaya: Na karanta cewa Yahudawa da mutanen Sin su ma da wata suke lissafi, amma bukukuwansu ba sa barin lokacinsu. Shin ba naƙasu ba ne a ce tamu kalandar ba ta zama wuri ɗaya? Me zai hana a yi mata irin gyaran da suka yi? Daga wata malamar makaranta.

Amsa: Malama, wannan tambaya ita ce ta fi jan hankalina a cikin duk waɗanda suka zo, kuma zan ɗan tsawaita a kanta. Abin da kika karanta daidai ne. Tun da daɗewa masana suka gano cewa wata 235 suna daidai da shekara 19 na rana, bambancin bai wuce 'yan awoyi ba. Shekara 19 mai wata goma sha biyu-biyu kuwa wata 228 ne kacal, saura bakwai. Saboda haka kalandar Yahudawa take ƙara wata na goma sha uku sau bakwai a cikin kowace shekara 19, ta Sin ma tana da nata tsarin ƙarin wata, kuma da wannan ne bukukuwansu suke tsayawa a yanayi ɗaya.

Musulunci ya san wannan hanya, da gangan kuma ya bar ta. Larabawa kafin Musulunci suna da abin da ake kira nasi'u, wato jinkirtawa. Malaman tafsiri sun bayyana shi da cewa idan suna son yaƙi a Muharram, sai su halatta shi su mayar da alfarmarsa kan Safar, kuma wani mutum daga ƙabilar Kinana ne yake miƙewa a lokacin aikin Hajji ya shelanta hakan. Masanin nan Al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya tafi a kan cewa har ƙarin wata suke yi domin Hajji ya riƙa dacewa da lokacin da kasuwancinsu ya fi tafiya. Ko wanne bayani aka ɗauka, abin da ya faru shi ne lokacin ibada ya koma hannun wani mutum, yana ja yana saki gwargwadon buƙatar jama'arsa. Sai Alƙur'ani ya yanke maganar a Suratut Tauba, aya ta 36 da 37, inda ya tabbatar da cewa adadin watanni a wurin Allah goma sha biyu ne, huɗu daga ciki masu alfarma, kuma ya kira nasi'u ƙari a cikin kafirci. A Hajjin Ban-kwana, shekara ta 10 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya sanar da cewa zamani ya juyo ya koma yadda yake ranar da Allah ya halicci sammai da ƙasa, ya kuma lissafa watanni masu alfarma da sunayensu: Zulƙida da Zulhajji da Muharram a jere, sai Rajab da ke tsakanin Jimada da Sha'aban. Tun daga wannan rana babu wanda yake da ikon cusa wata ko ɗage shi.

Su kansu sunayen watannin suna ɗauke da alamar wani zamani da suke haɗe da yanayi. Masana lugga suna danganta Ramadan da kalmar da ke nufin zafin rairayi, Jimada kuma da daskarewar ruwa. Yau Jimada kan zo cikin zafi, Ramadan cikin sanyi, sunan ya zauna, yanayin ya wuce.

A nawa ganin, abin da kika kira naƙasu yana cikin manyan alheran wannan lissafi. Ki ɗauki Ramadan na 2015, wanda ya fara a tsakiyar Yuni. Musulmin Landan sun yi azumin fiye da awa 18 a yini, alhali 'yan'uwansu na can kudancin Afirka ta Kudu, inda ake hunturu a lokacin, ba su kai awa 12 ba. Da a ce an ƙulle Ramadan a Yuni, da wasu al'umma sun dawwama a kan dogon yini mai zafi har abada, wasu kuma a kan gajere mai sanyi, kaka da kakanni. Da yake yana zagayawa, bayan shekara 16 ko 17 sai lamarin ya juya, wanda ya sha wuya ya sami sauƙi. Addinin da aka aiko wa mutanen duniya baki ɗaya, daga arewa har kudu, wannan shi ne lissafin da ya dace da shi. Ban da haka, jinjirin wata abu ne da makiyayi a daji da malami a birni duk za su iya ɗaga kai su gani, ba sai sun jira wata majalisa ta gaya musu ko bana akwai ƙarin wata ba.

Kada kuma a ɗauka cewa Musulunci ya yi watsi da rana. Lokutan salloli biyar duk da rana ake gane su, haka ɗaukar azumi da buɗe-baki. Zakkar amfanin gona ranar girbi ake fitar da ita, kamar yadda aya ta 141 ta Suratul An'am ta nuna, girbi kuwa yanayi yake bi. Suratu Yunus, aya ta 5, ta ambaci rana da wata tare, sannan ta ce an sanya wa wata masaukai domin a san adadin shekaru da lissafi. Daulolin Musulunci ma ba su taɓa daina amfani da shekarar rana ba a inda ake buƙatarta. Abbasiyawa da ita suke karɓar harajin gona, kuma a shekara ta 282 bayan Hijira, wato 895, Halifa Mu'utadid ya ɗage ranar fara karɓar harajin zuwa watan Yuni, saboda tsohuwar ranar ta zame har ana neman haraji a hannun manoma tun amfani bai nuna ba. A 1079 Sarki Malik Shah na Saljuƙawa ya tara masana, cikinsu har da Umar Khayyam, suka tsara kalandar rana mai inganci ƙwarai. Daular Usmaniyya ta Turkiyya tana da shekarar baitulmali ta rana, kuma duk bayan kimanin shekara 33 sai ta tsallake lambar shekara ɗaya domin ta cim ma ta wata. Ƙasar Iran tun 1925 take aiki da kalandar rana wadda ita ma daga Hijira take ƙirgawa, shi ya sa a watan Maris na 2025 suka shiga shekara ta 1404 a daidai lokacin da lissafin wata yake 1446. Saboda haka gyaran da kike nema ya daɗe da samuwa ta wata fuska: an bar wa wata ibadun da aka ɗora masa, noma da haraji kuma aka auna su da rana.

Tambaya: Mahaifinmu ya rubuta ranakun haihuwarmu da Hijiriyya a bangon wani littafinsa. Yanzu ana neman tawa da Miladiyya a takardun hukuma. Yaya zan juya ta ba tare da kuskure ba? Daga wani ma'aikaci.

Amsa: Allah ya saka wa mahaifinku da alheri, domin ya bar muku abin da mutane da yawa suka rasa. Idan shekara kawai kake nema, akwai hanya mai sauƙi da za ka yi da biro da takarda. Ka raba shekarar Hijira gida 33, ka cire abin da ka samu daga cikinta, sannan ka ƙara 622. Misali, 1400 idan aka raba ta gida 33 za a sami 42 da 'yan kai. A cire daga 1400 saura kusan 1358. A ƙara 622 ya zama kusan 1980. Haka kuwa abin yake, domin shekara ta 1400 ta kama ne a Nuwamban 1979, mafi yawanta kuma ya faɗa cikin 1980. Idan daga Miladiyya za ka koma Hijiriyya, sai ka cire 622, ka raba abin da ya rage gida 32, ka mayar da sakamakon a kansa. Ɗauki 2025: cire 622 saura 1403, kashi ɗaya cikin 32 na wannan ya kusa 44, jimla kusan 1447. Shekarar 2025 kuwa ta fara a cikin 1446 ta ƙare a cikin 1447.

Wannan ya nuna maka cewa kusan kowace shekarar Hijira tana taka shekarun Miladiyya biyu, don haka sai ka san watan kafin ka tabbatar da shekarar. Jefi-jefi ne ake samun wadda ta shige gaba ɗaya cikin guda, kamar 1429, wadda ta fara a Janairun 2008 ta ƙare a Disambarta.

Idan kuma ainihin ranar kake so, manhajojin juya kwanan wata da ke waya da intanet za su ba ka, amma ka riƙe cewa amsarsu tana iya saɓawa da kwana ɗaya, wani lokaci biyu. Su da lissafi suke aiki, mahaifinka kuwa ya rubuta ne bisa ranar da aka ga wata a inda yake. Maganin wannan yana cikin rubutun nasa idan ya ambaci ranar mako. A ce ya rubuta Talata, 12 ga Rajab, manhaja kuma ta nuna maka cewa 12 ga Rajab na wannan shekara Litinin ce, to ka ɗauki Talatar da ke biye, domin ranakun mako ba su taɓa yankewa ba a kowane lissafi. Ka kuma duba ko da dare aka haife ka. A lissafin Musulunci yini yana farawa ne daga faɗuwar rana, dare yana gaba da yininsa, shi ya sa muke kiran daren da ke bin yammacin Alhamis daren Juma'a. Wanda aka haifa bayan sallar Isha'i a daren 12 ga wata, a Miladiyya yana cikin ranar da ta gabata, tun da ita sai ƙarfe goma sha biyun dare take juyawa.

Ga masu binciken tarihi akwai ƙarin abin lura, domin ita ma Miladiyya an taɓa yi mata gyara. Tsohon tsarin da Yuliyos Kaisar ya kafa shekara 45 kafin Miladiyya ya ɗauki shekara a matsayin kwana 365 da awa 6 daidai, wanda ya zarce gaskiya da kimanin minti 11, kuma wannan yakan tara kwana guda a cikin shekara 128. A 1582 Paparoma Girigori na 13 ya sa aka zubar da kwana goma, aka kwana Alhamis 4 ga Oktoba aka wayi gari Juma'a 15 ga Oktoba. Ingila ba ta bi ba sai 1752, lokacin da ta zubar da kwana 11, Rasha kuwa sai 1918. Don haka ranakun da suka gabaci 1582, kamar buɗe Ƙusɗanɗiniyya (Istanbul ta yau) ranar 20 ga Jimada Ula 857, wato 29 ga Mayu 1453, da tsohon tsarin ake rubuta su.

Tambaya: Shin ranar 1 ga Muharram ce Annabi (SAW) ya yi hijira? Daga wata ɗalibar Islamiyya.

Amsa: A'a, 'yar'uwa. Manzon Allah (SAW) ya isa Ƙuba, a gefen Madina, a watan Rabi'ul Awwal, daidai da Satumban 622. Ƙirga shekaru daga Hijira kuwa a zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi (RA) aka fara shi, wajen shekara ta 17. Malaman tarihi sun kawo cewa Abu Musal Ash'ari ya koka da cewa wasiƙu suna zo masa babu shekara, an kuma kawo wa Umar wata takardar bashi da aka rubuta Sha'aban a kanta, ya tambaya wane Sha'aban ɗin ake nufi, na bara ko na bana ko na baɗi. Da aka yi shawara sai aka zaɓi shekarar Hijira ta zama ta farko, aka kuma bar Muharram a matsayin farkon shekara, kasancewarsa watan da mutane suke komawa gida daga Hajji. Masu lissafi sun mayar da 1 ga Muharram na shekara ta farko zuwa Juma'a, 16 ga Yuli 622 a tsohon tsarin Miladiyya, wato kimanin wata biyu kafin isarsa Madina.

Tambaya: Kalanda biyu ne rataye a ɗakina, ɗaya ta ce yau 3 ga wata, ɗaya ta ce 4. Idan masana suna iya faɗin lokacin husufin rana tun shekaru kafin ya auku, me ya hana su faɗa mana ranar tsayuwar wata a huta da saɓani? Daga wani dattijo.

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kalandar da ake bugawa tun kafin shekara ta kama dole da lissafi aka yi ta, lissafin kuma iri-iri ne. Akwai tsohon jadawali da masana falaki na Musulmi suka daɗe suna amfani da shi, wanda yake ba Muharram kwana 30, Safar 29, a yi ta musanyawa haka har ƙarshen shekara, sannan a ƙara wa Zulhajji kwana ɗaya sau 11 a cikin kowace shekara 30, jimla kwana 10,631. Wannan jadawali a dogon zango ingantacce ne ƙwarai, sai ya yi kimanin shekara 2,500 kafin ya kauce da kwana guda, amma a wata ɗaya-ɗaya yakan saɓa wa abin da ido ya gani, saboda tafiyar wata a sama ba ta bin 30 da 29 a jere. Akwai kuma kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya, wadda take duba ko wata ya haɗu da rana kafin faɗuwarta a Makka, kuma ko ya faɗi bayanta. Mai yiwuwa kowace daga cikin kalandarku biyu da irin lissafin da ta bi.

Game da husufi, Baba kun kawo hujja mai ƙarfi, kuma gaskiya ne masana sun san daƙiƙar da wata yake shiga tsakanin duniya da rana. Da irin wannan lissafi ne aka gano cewa husufin da aka yi a Madina ranar rasuwar Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), ya dace da 27 ga Janairu 632. Amma haɗuwar wata da rana daban, ganin jinjirinsa daban. A lokacin haɗuwar, gefensa mai duhu ne yake fuskantarmu, sai ya yi nisa da rana da kimanin digiri 7 ko fiye kafin haskensa ya isa a gani, kuma ba a tabbatar da wani ya gan shi da ƙwayar ido yana ƙasa da awa 15 da haihuwa ba. Bayan wannan ga gajimare, ga ƙura, ga bambancin wuri, domin watan da bai ganu ba a gabas yana iya ganuwa a yamma bayan 'yan awoyi, lokacin da ya ƙara girma.

Shari'a kuwa da gani ta rataya hukuncin, kamar yadda hadisi ya zo cewa a yi azumi don ganinsa, a sha ruwa don ganinsa, idan kuma ya ɓuya a cika talatin. Saɓanin garuruwa tun zamanin sahabbai yake. A Sahihu Muslim, Kuraibu ya ba da labarin cewa sun ga watan Ramadan a Sham daren Juma'a, da ya dawo Madina sai Ibnu Abbas ya ce su daren Asabar suka gani, kuma a kan nasu ganin za su ci gaba. Shafi'iyya sun yi riƙo da wannan suka ce kowane yanki da mahudarsa, mafi yawan sauran malamai kuma suka ce ganin wani gari yana hawa kan sauran idan labari ya tabbata. A wannan zamani an yi ƙoƙarin haɗa kai: taron da aka yi a Istanbul a 2016 ya ba da shawarar kalanda ɗaya ga duniya bisa lissafin yiwuwar gani, ƙasashen Indunusiya da Maleshiya da Burunai da Singafo kuma suna da ma'auninsu na bai ɗaya.

Abin da ya fi kwanta mini shi ne matsayin Imam Taƙiyyuddin Subki, malamin Shafi'iyya na ƙarni na takwas bayan Hijira, wanda ya ce idan lissafi tabbatacce ya nuna ganin wata ba zai yiwu ba, to ba a karɓar shaidar wanda ya ce ya gani. Mutumin kirki yana iya ganin tauraro ko siririn gajimare ya ɗauka wata ne, ba tare da ya yi nufin ƙarya ba. Idan wata ya riga rana faɗuwa a wannan yammaci, babu abin da ya rage a sama da za a gani. Lissafi ya tsare mu daga kuskure, ido ya tabbatar, sanarwa kuma a bar wa hukumar da aka ɗora wa alhakin, kowa ya bi ta ƙasarsa.

Tambaya: Ina rufe lissafin kasuwancina a ƙarshen Disamba, a lokacin ne kuma nake fitar da zakka. Akwai laifi? Daga wani ɗan kasuwa.

Amsa: Alhaji, shekarar da zakka take jira shekarar wata ce, mai kwana 354. Wanda yake fitarwa duk ƙarshen Disamba yana jinkirta haƙƙin talakawa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, kuma idan ya yi shekara 33 a haka, zakkar shekara guda cur ta salwanta ba tare da ya ankara ba. Abin da ya fi shi ne ka tsayar da rana ɗaya a kalandar Hijiriyya, ranar da dukiyarka ta cika shekara da kaiwa nisabi, ka riƙa ƙidaya kayanka a ranar. Idan hakan ya yi wuya saboda tsarin littattafan kamfani, malaman fiƙihu na wannan zamani sun ba da mafita cewa a ƙara adadin gwargwadon ƙarin kwanakin, wato maimakon kashi 2.5 cikin 100 a fitar da kusan kashi 2.577. A duk miliyan ɗaya ke nan za a fitar da 25,770 a madadin 25,000.

Wannan bambanci yana shiga duk wani hukunci da aka ɗaura da wata ko shekara. Takabar wadda mijinta ya rasu, idan ba ta da ciki, wata huɗu ne da kwana goma na wata, abin da yakan kama kwana 128 zuwa 130, alhali idan aka ƙirga da watannin Miladiyya daga 1 ga Yuli sai a sami kwana 133. Azumin kaffara na wata biyu a jere da shekara biyu na shayarwa duk haka ake lissafa su. Shekarun mutum ma haka ne: wanda aka haifa a farkon Muharram na 1400 ya cika shekara 47 a farkon Muharram na 1447, a ƙarshen Yunin 2025, alhali a takardarsa ta Miladiyya yana da shekara 45 da wata bakwai. Shekara 63 da aka ruwaito Manzon Allah (SAW) ya yi a duniya, idan aka auna su da rana, kimanin 61 ne. A fannin albashi ma an ga tasirinsa a 2016, lokacin da Saudiyya ta mayar da biyan ma'aikatan gwamnati daga watannin Hijiriyya zuwa na Miladiyya, wanda ya sa albashin wata goma sha biyu ya koma ɗaukar aikin kwana 365 a maimakon 354. Saboda haka, Alhaji, duk yarjejeniyar da za ka ƙulla mai wa'adin wata ko shekara, ko ta bashi ce ko ta haya, ka sa a rubuta a cikin takardar da wace kalanda za a ƙirga.